Kada a yi saurin cire haƙorin yaro

Wani rahoto ya ce ana iya ceto haƙorin yaro ko da jijiyarsa ta lalace, kuma gaskiya ne, sai dai bai faɗi inda wahalar take ba. Haƙorin dindindin na gaba yana fitowa ne wajen shekara 7 zuwa 8, amma saiwarsa sai ta ƙara kusan shekara 3 kafin ta kammala. Idan yaro ya faɗi ya karya shi a wannan tsakanin, ƙasan saiwar a buɗe yake, bangonta kuma siriri, don haka cikon ramin saiwa da ake wa manya ba zai zauna ba.

In jijiyar na da sauran rai, likita kan yanke inda ya lalace kawai, saiwar ta ci gaba da girma. Wannan ya fi komai. In ta mutu, a da sai a yi watanni ana sauya magani a cikin saiwar har ƙasanta ya rufe. Yanzu ana toshe ƙasan da wani simintin haƙori da ake kira MTA a zama ɗaya ko biyu, ko a tsokano jini ya cika ramin don bangon ya yi kauri.

Iyaye, don Allah kada ku jira sai haƙorin ya yi baƙi ko dasashi ya kumbura kafin ku kai yaro wurin likita.