Yarima da gimbiya sun yi yawa, fadar ce babu

Marubutanmu na labaran sarauta, musamman ku matasa masu sakin labari shafi-shafi a WhatsApp da Wattpad, yau da ku nake. Ba na cikin masu cewa karanta irin littattafanku ɓata lokaci ne. Yarinyar da ta hana idonta barci don ta ji ko yarima zai gane wadda ta cece shi a dokar daji, karatu take yi, kuma da Hausa take yin sa, a zamanin da kowa ke kukan yara sun daina karatu. Ni ma ina karantawa, kuma idan labari ya kama ni ina biyan kuɗina a saka ni a guruf. Soyayya da aljanu da rikicin gadon sarauta ba baƙinmu ba ne, da su aka yaye mu a gaban kakanni. Abin da ke damuna ɗaya ne. A mafi yawan labaran nan akwai yarima, akwai gimbiya, akwai alkyabba da dawakai da kuyangi, amma babu fada.

Kun san yadda abin yake zuwa. Masarauta ce mai sunan da ba ka san ƙasarsa ba. Yarima miskili ne, ba ya magana, ba ya dariya. Akwai wata baiwa kyakkyawa da za a gano daga baya ashe 'yar wani sarki ce aka sato tana jaririya. Fulani uwargida tana hawa dutse wurin boka, waziri yana haɗiyar yawu a kan karaga. Idan aka zo makirci kuwa, guba ce a abinci, ko asiri a binne a bakin ƙofa, ko sharrin kwartanci. Ranar da asiri ya tonu sai sarki ya daka tsawa, ya ce a tsire wane, a kori wance, ya naɗa ɗan da ya ga dama, kowa ya ce ranka ya daɗe. Wannan sarkin ba shi da wanda yake shakka, ba shi da wanda yake lallaɓawa, ba shi da al'adar da ta ɗaure masa hannu. To in haka ne, makircin me ake yi? Makircin fada kamar dara ne, daɗinsa yana cikin dokar wasan. Idan kowa zai iya ɗaukar ɗa ya ajiye inda ya so, babu mai tsayawa kallo.

Fadar Hausa ta gaske cike take da dokoki, kuma kowace doka ƙofar labari ce. A Kano sarki ba ya mutuwa ɗansa ya haye karaga kai tsaye. Akwai masu zaɓen sarki: Madaki, Makama, Sarkin Bai da Sarkin Dawaki Mai Tuta. Ke nan yariman da ke son sarauta dole ya san yadda zai zauna da mutanen da ba za su taɓa zama sarki ba, amma sai da su ake yin sarki. Tun zamanin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ya kuma gina gidan da har yau ake kira Gidan Rumfa, aka san majalisar Tara ta Kano, aka san ba wa babanni, wato bayin da aka dandaƙe, manyan muƙamai. Daga baya bayin sarki irin su Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama suka riƙe ƙarfin da hakimi da kansa yake neman fada a wurinsu, don ta hannunsu ake isa ga sarki. Duba wannan da kyau: mutum sunansa bawa, amma ɗan sarki yana kai masa gaisuwa. Wane marubuci ne zai samu irin wannan hali ya bar shi ya tafi neman boka?

Cikin gida kuma duniya ce mai zaman kanta. Akwai Mai Babban Ɗaki, mahaifiyar sarki, wadda a Hawan Daushe sarki da kansa yake hawa doki ya je ya gaishe ta. Akwai Uwar Soro, babbar mace mai kula da al'amuran cikin gidan. Akwai jakadiya, wadda a labaranku kun mayar da ita 'yar gulma kawai, mai kirari da karɓar tukuici. Alhali ita ce mace mai izinin ratsa ƙofofin da namiji baligi ba ya ratsawa, ta fito waje ta isar da saƙo ga hakimi, ta koma ciki da amsa. Ita ta san wadda aka kira turaka jiya da wadda aka yi wata ba a kira ba. Kalma ɗaya ta ƙara a saƙo ko ta rage, gidan wani ya tashi ko ya faɗi. Da za a samu mai rubuta labari gaba ɗaya ta idon yarinyar da ke koyon jakadanci a hannun kakarta, wallahi da na fi kowa saurin biya.

Kuma sarki ba ya tsawa. Ku je fada ranar zama ku tsaya daga gefe ku gani. Mai gaisuwa zai tuɓe takalmi tun daga nesa, ya zube, ya dunƙule hannu ya yi jinjina. Sarki yana zaune, amawali ya rufe masa baki, ko motsi ba lallai ya yi ba. Dogarai ne za su amsa da ƙarfi, "Sarki ya gaishe ka!" Idan zai gyara zama sai su baza manyan rigunansu su kāre shi, kada ido ya ga sarki yana kintsawa. A irin wannan wuri, inda aka zaunar da kai yau, kusa ko nesa, shi ne labarin. Wanda aka amsa wa gaisuwa da sanyi ya san abin da ake nufi, duk fada ma ta sani, kuma babu wanda ya furta komai. Wannan shirun ya fi tsawa ban tsoro, kuma shi ne ba na gani a rubutunku.

Idan rikicin gado kuke so, tarihi ya ajiye muku wanda ya fi ƙarfin ƙirƙira. Tsohon kundin tarihin sarakunan Kano ya kawo labarin Yakufu ɗan Sarki Kisoki, wanda bai cika wata 5 a kan karaga ba wani ƙaƙƙarfan bafade mai suna Guli ya tuɓe shi. Galadima ya ce bai yarda ba, aka yi kwana 40 ana gwabzawa a cikin birni har aka kashe Guli. Da aka zo a mayar da Yakufu kan sarautarsa sai ya ce ba ya so, ya koma cikin malamai ya ci gaba da karatu. An zubar da jini saboda shi, shi kuwa ya juya baya. Me ya gani a 'yan watannin nan? Wa ya bari a cikin gidan? Ga yarima na gaske da ya fi miskilinku zurfi. Ga kuma basasar Kano ta 1893 zuwa 1895, bayan rasuwar Sarki Muhammadu Bello, lokacin da Sakkwato ta naɗa ɗansa Tukur, Yusufu ɗan marigayi Sarki Abdullahi da 'yan uwansa suka fice zuwa Takai suka ja daga. Yusufu bai ga ƙarshen yaƙin ba, ya rasu, ƙanensa Alu ne ya shiga birni ya zama sarki. Tukur da Yusufu jikokin mutum ɗaya ne, Sarki Ibrahim Dabo. Ku yi tunanin budurwar da mahaifinta ke wannan ɓangare, wanda aka yi mata baiko da shi yana wancan. Ba sai kun taɓa sunan kowa ba, don zuriyarsu na nan kuma suna da haƙƙi a kanmu. Ku ƙirƙiri garinku da sarkinku, amma ku ari yadda abin yake aukuwa.

Sai batun yarinyar labarin, wanda ya fi ci mini rai. Me ya sa kullum aikinta kuka da suma? A tatsuniyar Daskin-da-riɗi, yarinyar da ta auri ɗan sarki ba don fari ko dogon gashi ta same shi ba. 'Yan mata sun wuce tsohuwa a rafi sun ƙi cuɗa mata baya, ita ta tsaya ta cuɗa, tsohuwa ta faɗa mata sunan da kowa ya kasa sani. Abin da ta aikata da ƙafarta da hannunta ne ya kai ta. A labarin Daura kuwa, kafin Bayajidda ya iso ya kashe macijin rijiyar Kusugu, mace ce ke mulkin garin. Daurama ce ta sa aka nemo wanda ya yi aikin, ita ce ta ba shi kuyanga, kuma da kuyangar ta haifi Karɓagari ita ma ta haifi Bawo, kowace uwa da abin da take nufi da ɗanta. Dodo, baƙo, aure, kishi da gadon mulki duk a labari guda, kuma mata ne ke juya shi. Ga Amina ta Zazzau. Ga Sarauniya ta Lugu a ƙasar Nijar, wadda ta tsaya wa rundunar Faransawa a 1899. Ga sarautar Inna a Gobir da ta Iya a Maraɗi, mata masu faɗa a ji a fada. Da duk waɗannan a bayanmu, bai kamata ƙannenmu mata su tashi da tunanin cewa hanyar shiga gidan sarauta ita ce a wulaƙanta ki ki yi haƙuri har yarima ya gaji ya so ki ba. Na karanta labaran da yarima ke marin yarinya, ya sa a kulle ta, ya keta mata haddi, sannan a shafi na gaba a ce so ne ya yi masa yawa. Masu karanta wannan 'yan shekara 15 ne da 16. Ku ji tsoron Allah a kansu.

Haka ma bauta. Kun mayar da kalmar baiwa kamar sunan ado. Bauta a ƙasar nan abu ne da ya faru ga mutane na gaske, an kamo su daga garuruwansu, an raba su da iyayensu, kuma sai a 1936 doka ta soke ta gaba ɗaya a Arewacin Nijeriya. Ban ce kada a rubuta soyayyar yarima da baiwa ba. Sarakuna da yawa 'ya'yan ƙwaraƙwarai ne, kuma ƙwarƙwarar da ta haifa wa sarki ɗa matsayinta ya sauya har abada. Amma ku bar yarinyar ta tuna garinsu, ta tuna sunan da uwarta ta raɗa mata. Kuma ku daina wannan dabara ta cewa a ƙarshe ashe ita ma jinin sarauta ce. Me kuke gaya wa mai karatu da hakan? Cewa 'yar talaka ba ta cancanci so ba sai an binciko mata kaka mai rawani?

Aljanu ma an yi musu gajeren zango. Kullum aljani ɗaya ne, ya auri yarinya a mafarki, ya hana ta aure, a kira malam ya yi ruƙiyya. Alhali tsofaffin Hausawa sun ba da labarin birni guda na iskoki, Jangare, mai sarkinsa da gidajensa da fadawansa, har da Ɗan Galadima ɗan sarki mai almubazzaranci da son ado. Ba ina kiran kowa zuwa bori ba, imaninmu a fili yake, kuma Gizo da Ƙoƙi ma ba mu taɓa ɗaukarsu gaskiya ba. Ina nuna muku ne cewa tunanin kakanninmu ya gina wa duniyar ɓoye tsari da muƙamai da dangantaka, ku kuwa kun tsaya a hayaƙi da jajayen idanu. Ko a tatsuniya abin mamaki yana da sharaɗi. Ta-kitse an ce kada ta kusanci wuta ko rana, kishiyoyi suka san haka, suka jira sai da sarki ya bar gari sannan suka tilasta mata aiki har ta narke. Sihirin da raunin da makircin duk abu ɗaya ne, shi ya sa har yau ba mu manta ta ba.

Na san amsar da za a ba ni, an sha ba ni ita: ai ƙagaggen labari ne, marubuci yana da 'yancin ya ƙirƙiri duniyarsa. Haka ne, kuma ba na neman ku zama malaman tarihi. Aro ma ba laifi ba ne. Abubakar Imam ya ɗebo labarai daga Gabas da Turai ya zuba a Magana Jari Ce tun a shekarun 1930, amma ya zaunar da su a fadar da Bahaushe ya gane, inda waziri ke ƙulla yadda zai fitar da ɗan sarki daga gida, aku kuma ba shi da makami sai baki. Matsalar ita ce ku ari fadar fim ɗin Indiya ko na Turkiyya ko na Koriya, ku liƙa mata Fulani da jakadiya, ku ce ta Hausa ce. Su can sun yi wa tasu fadar hidima, sun san wa ke zama a ina, wa ke da ikon shiga wace ƙofa, shi ya sa take kama ku.

Na kuma san wahalar da kuke sha. Da waya kuke bugawa, ga tsadar data, ga rashin wuta, ga masu karatu suna ta kiran a ƙaro shafi tun kafin gari ya waye, ga masu satar littafi su watsa kyauta. Ba ku da edita, ba ku da mai biyan ku kuɗin bincike. Amma binciken da nake nufi ba ya cin kuɗi sosai. Kusan kowane gari yana da hakimi ko dagaci, kuma a ƙofar gidansa akwai dattijon da ya san wa ke gaba da wa a jerin hawa da dalilin haka. Akwai tsofaffin mata da suka yi zaman cikin gidan sarki a Katsina da Zariya da Daura da Damagaram, suna nan da ransu, ba wanda ke tambayarsu komai. Ku saya musu goro ku zauna. Ku tambayi wa ke da ikon buga tambari kuma yaushe, wa aka yarda ya yi rawani mai kunne biyu, me ake yi a daren da sarki ya rasu kafin a sanar da gari, ina matansa suke komawa bayan an naɗa sabo. Wannan tambaya ta ƙarshe kaɗai ta isa littafi guda, kuma har yanzu ban ci karo da wanda ya rubuta shi ba.