Na Zo Taya Ka Zaman Kaɗaici

Malam ya turo ƙofa, ya kashe waya, ya ɗauki biro. Baiti ɗaya ya rage ya kammala waƙarsa. Sai ga sallama.

Ɗan Surutu: Allah gafarta Malam, lafiya kuwa? Kira tara na yi, waya a kashe. Har na fara tunanin ko rasuwa aka yi.

Malam: Lafiya lau. Keɓewa na yi, kaina ya huce, in ƙarasa rubutu.

Ɗan Surutu: Kai kaɗai? Subhanallahi! Gara da na zo. Matsa in taya ka.

Malam: Ka taya ni me?

Ɗan Surutu: Kaɗaicin mana. Ai hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Malam: Ka taɓa jin sunan Newton, masanin kimiyyar nan? A 1665 annoba ta sa aka rufe jami'ar Kambirij, ya koma gidansu a wani ƙauyen Ingila. A wannan zaman shirun ya soma lissafin abin da ke janyo abu ya faɗo ƙasa.

Ɗan Surutu: Wanda aka ce ya ga tuffa ta faɗo daga bishiya? Da ina wurin sai in ce masa nuna ta yi, ya huta da wahala.

Malam: Shi ya sa Allah bai kai ka wurin ba. Ibn Khaldun, masanin tarihi, shi ma keɓe kansa ya yi a wata ganuwa a Aljeriya, a 1377 ya rubuta littafinsa Muƙaddima cikin wata biyar.

Ɗan Surutu: Wata biyar ba hira? Ba shi da maƙwabta ne?

Malam: Yana da su. Masu hankali.

Maganar ta bi ta saman kansa ta wuce. Ya ma gyara zama, ya ɗauki biron Malam yana sosa kunne da shi.

Malam: A 2014 masana a jami'ar Bajiniya ta Amurka sun zaunar da mutane ɗai-ɗai a ɗaki, ba waya, ba littafi, sai wata na'ura mai jan mutum da lantarki. Minti 15 kacal. Cikin maza 18, har 12 suka latsa ta ja su, don sun kasa zama da tunaninsu. Wani ma sau 190 ya latsa.

Ɗan Surutu: Ragwaye! Ni ko awa biyu ne, tari ba za ka ji na yi ba.

Malam: To bismilla. Kawo wayarka, kawo birona.

Malam ya fita ya ja ƙofa, ya samu inuwa ya zauna. Kafin ya gama goge biron, ga baitin ya sauko. Bai kai ƙarshen layi ba taga ta buɗe.

Ɗan Surutu: Malam, minti nawa yanzu?

Malam: Uku.

Ɗan Surutu: To... ita na'urar nan ta lantarki, kana da ita a nan kusa?