Kuloci da filawil: gyaran Ingila da gyaran gida

Da Golf ɗina mai shan dizal ta fara kwaramniya a tsaye, sai na yanke hukunci irin na ɗan Kano cewa boris ɗin kuloci ne. Bakaniken unguwarmu a nan Bamingam ya ce in taka kuloci, ƙarar ta ɗauke. Ya ce in kashe mota, injin ya yi ƙwal-ƙwal kafin ya mutu. Ya ce filawil ne, wato faifan ƙarfen da ke bayan inji wanda kuloci ke kamawa, kuma da gaskiyarsa, don shi boris sai an taka yake kuka.

Filawil ɗin Fijo 504 da muka taso muka gani ƙarfe ɗaya ne dunƙulalle. In fuskarsa ta ci, a kai wa mai injin sassaƙar ƙarfe ya share, a mayar. Na yawancin motocin dizal na Turai na yanzu kuwa faifai biyu ne da sifirin a tsakaninsu mai shanye girgizar inji, tun 1985 aka fara sa irinsa. Sifirin ɗin in ya saki, sai dai sabo.

A nan, da zarar an sauke giyabos, ana canza faifan kuloci da murfin da ke matse shi da boris gaba ɗaya, sau tari har da filawil. Da farko na ɗauka cuta ce. Daga baya na gane lissafin: kuɗin hannu a Ingila awa-awa ake ƙirga shi, ba wanda zai biya a sauke giyabos sau biyu. A gida kuwa hannu na da araha, kaya ne da tsada, shi ya sa ake zuwa Ƙofar Ruwa a samo faifai ɗan Beljiyam a liƙa, mota ta tashi.

Ban raina wannan ba. Maigidan garejin da nake kai mota a Kano, birkin hannu kawai zai ja, ya sa giya uku, ya saki kuloci a hankali. In mota ba ta mutu ba, ya ce faifai na sulɓewa, wani lokacin ma tun daga ƙauri ya gane. Ba na'urar da ta fi shi a wannan fanni.

Inda muka raba gari da gyaran gida shi ne ɗora sabon faifai a kan filawil mai sifirin da ya riga ya saki. Ƙarar na nan, mota na karkarwa wajen tashi, faifan ma ba zai yi ƙarko ba. Tun da giyabos yana ƙasa, Oga, kama filawil ɗin ka jijjiga, ka duba ko man giris na tsatsowa, sannan ka aiki yaro kasuwa.