Ba camfi ne ya sa muke rowar jininmu ba

Wata abokiyar aikina ce, Baturiya, ta faɗi maganar a ɗakin shan shayi na asibitin da nake aikin jinya a Manchester. Ana hirar wasiƙun da shirin Our Future Health ke aikowa gidaje, yana neman mutum miliyan 5 su ba da jini don bincike. Sai ta juyo ta ce da ni, da fara'arta, wai baƙar fata ba sa amsa gayyatar, camfi ya yi mana yawa. Ban tanka mata ba, amma maganar ta tsaya min a rai. Ni 'yar Kano ce, na san abin da ke sa uwa ta janye ɗanta idan ta ga baƙo riƙe da allura.

Ga yadda suke yi a nan. Wasiƙa za ta zo da sunanka, da bayanin abin da za a yi da jinin da wanda zai iya ganin bayananka. Sai ka karanta ka amince kafin a ba ka rana. Wani lokaci wurin ɗibar ma wata doguwar mota ce a filin ajiye motoci na babban kanti, cikinta tsaf, da kujeru da ma'auni. A gwada tsayinka da nauyinka da ƙugunka da hawan jini, a ɗebi jini 'yan kwalabe, daga baya a ba ka takardar sayayya ta fam 10. Duk ranar da ka ce ka fasa, ka fasa, ba mai tambayarka dalili.

Kafin wannan akwai UK Biobank, wanda tsakanin 2006 da 2010 ya tara jini da fitsarin mutum dubu 500, 'yan shekara 40 zuwa 69. Aka ajiye su a Stockport, nan kusa da mu, cikin wani ƙaton ɗakin sanyi mai digiri 80 ƙasa da sifili, inji ne ke shiga ya zaro kwalbar da ake so. An haɗa kowace kwalba da tarihin asibitin mai ita, don haka wanda ya kamu da ciwon daji bayan shekara 15, ana iya komawa a duba jininsa na lokacin da yake lafiya lau. A 2023 suka fitar da cikakken karatun ƙwayoyin halittar mutanen nan gaba ɗaya. Wallahi abin ya burge ni. Kuma abokiyar aikin nan tawa tana da gaskiya ta wani ɓangare: kusan kashi 95 cikin 100 na waɗanda ke ciki Turawa ne, sai maganin da za a gano ya fi dacewa da jikinsu.

Amma ita ba ta san 1996 ba. Shekarar da sanƙarau ya yi ɓarna a Kano, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a binciken da ya haɗa yara 200, goma sha ɗaya suka rasu. Iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba, kamfanin ya musanta, aka yi ta shari'a har 2009 da aka sasanta da gwamnatin jiha a kan dala miliyan 75. Da aka ƙi allurar shan inna a 2003, wannan tabon na cikin abin da mutane ke ambata. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Kuma idan aka zo mana ta ƙofa, muna buɗewa. A asibitin Malam Aminu Kano da na Murtala, da Barau Dikko a Kaduna, iyaye sun kai yara 220 masu sikila binciken maganin hydroxyurea don kare su daga shanyewar ɓarin jiki. Sakamakon da ya fito a 2022 ya nuna ɗan ƙaramin awo ma yana aiki kamar matsakaici. Iyayen nan ba Turawa ba ne, bayani aka yi musu da harshensu, likitocin da suka sani suka yi aikin.

Abin da ya fi ci min rai shi ne sikilar kanta. A Ingila masu ita ba su kai dubu 20 ba, amma ana tsaga dugadugin kowane jariri a kwana na 5 a gwada shi, kuma akwai rajista ta ƙasa ta masu cutar: maganin da suke sha, jinin da aka ƙara musu, ranar da ciwo ya tashi. Najeriya kuwa, ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya shi ne ana haifar jarirai kusan dubu 150 da ita duk shekara. Ɗan yayata ya rasu da ita yana shekara 9. Sau da yawa in suka je asibiti sai a ce fayil ɗinsa ya ɓata, a buɗe sabo, Yaya ta sake zayyano komai daga ka, tana kuka. Duk abin da jikin yaron nan ya sha, ba layi ɗaya da ya rage wanda wani likita zai karanta ya taimaki wani yaron. Ni kuma ga ni nan kullum ina shigar da bayanan 'ya'yan wasu cikin kwamfuta, da irin hannun da ya kamata a ce yana can.

A 2024 gwamnan Kano ya sa hannu a dokar gwajin lafiya kafin aure, har da na sikila. Madalla. To ina sakamakon ke tafiya bayan an nuna wa waliyyai takarda an ɗaura aure? A tattara shi wuri guda da yardar masu shi, a cire sunaye, a ɗauki ma'aikatan rajista da albashinsu, a sa wa firijin ajiya sola don kada ɗauke wuta ta lalata jini. Kuma duk mai son bincike a kai, daga Landan ko Amurka, ya zo Kano ya nemi izini a rubuce.