Gwamnati babu ƙasa, amma da rajista

Mu da muke zaune a ƙetare mun san yadda shugabancinmu yake: a naɗa Sarkin Hausawa ko shugaban ƙungiya, ya zauna har sai rai ya yi halinsa ko rigima ta raba mutane. Shi ya sa tsarin 'yan Tibet da ke gudun hijira ya cancanci a duba shi da kyau.

Dalai Lama, jagoran 'yan Tibet, ya tsere zuwa Indiya a 1959, hukumarsu kuma tana garin Dharamsala a can Indiya. Babu ƙasar da ta amince da ita a matsayin gwamnati, amma duk shekara biyar sai an yi zaɓe. Ginshiƙin abin shi ne Koren Littafi: a ciki ake rubuta gudunmawar da mutum ke biya duk shekara, kuma da shi ake kaɗa ƙuri'a. Ƙungiyoyinmu a nan suke faɗuwa, domin ranar zaɓe ba a san wa ke ciki ba.

Majalisarsu kujera 45 ce. Yankunan Tibet uku, U-Tsang, Kham da Amdo, kowanne goma, biyu daga ciki na mata. Ɗariƙun Buddha huɗu da addinin Bon kowanne biyu. Sauran biyar na mazauna Turai, Amurka da Ostireliya ne da kewayenta. Mu kuwa ɗan Najeriya da ke waje ko ƙuri'ar shugaban ƙasa ba ya kaɗawa.

A 2001 jama'a suka fara zaɓen shugaban zartarwa kai tsaye, Samdhong Rinpoche ya ci. A 2011 Dalai Lama da kansa ya sauke ikon siyasa, da ransa da lafiyarsa. Lobsang Sangay ya yi wa'adi biyu a kujerar da yanzu ake kira Sikyong, Penpa Tsering ya gaje shi a 2021.

Sai dai rabon kujeru bisa yanki yana rura ɓangaranci, ga malaman zuhudu da ke da ƙuri'a biyu, ta yanki da ta ɗariƙa. A 2021 majalisa ta tsige alƙalai uku na hukumar shari'a, sababbin 'yan majalisa suka rabu kan wanda zai rantsar da su, aka yi watanni babu zama. Ba a warware ba sai da aka koma wurin Dalai Lama, mutumin da ya sauka shekara goma kafin nan, wanda aka haifa a 1935.