Shafi na 212

(Shagon Alhaji ne a kasuwar Dole, Damagaram. Manhajar lissafin kaya ta cije, ɗan ƙanensa, Ɗan Lakwal, yana ta zufa gaban kwamfuta.)

Alhaji: Kai yaro, tun azahar kake latse-latse. Buhun gero nawa ya rage a sito?

Ɗan Lakwal: Baba, ta ƙi buɗewa. Bari in danna F1, nan ne ake samun taimako.

Alhaji: To danna. Me ta ce?

Ɗan Lakwal: Ta ce babu rezo, sai an hau intanet za ta nuna bayanin.

Alhaji: Tambaye ta yadda ake gyara rezon mana.

Ɗan Lakwal: Shi ma bayaninsa yana intanet ɗin.

Alhaji: Ikon Allah! An kulle ɗaki, an bar makulli a ciki, an ce in shiga in ɗauko. Ni da na sayi rediyo tun zamanin mulkin Kunce, da ɗan littafinta ta zo cikin kwali. Har yau yana ƙarƙashin katifa, bai taɓa ce mini in sa masa kuɗin waya ba.

Ɗan Lakwal: Ai na intanet kullum sabunta shi ake, Baba.

Alhaji: Wanda ba ya nan ranar da ake nemansa, ina ruwana da sabuwar rigarsa? Takarda nake so, wadda zan buɗe da fitila ko an ɗauke wuta.

Ɗan Lakwal: Akwai shi a PDF, wato littafin cikin kwamfuta da ake iya bugawa a takarda, amma shafi 400 ne. Mai fotokopi dala biyar yake buga shafi, jika goma ke nan.

Alhaji: Jika goma! (Ya yi shiru, ya shafa gemu.) Je ka ce masa Alhaji ne, ya matse rubutun.

(Bayan sati biyu, a zauren gida. Manhaja ta sake cijewa.)

Alhaji: Yau za ka ga aikin manya. Ɗauko littafin!

Ɗan Lakwal: Jerin babi ya ce maganin yana shafi na 212. Amma Baba, daga 190 sai 260 nake gani.

Alhaji: Hajiya! Wa ya taɓa mini littafi?

Hajiya: Wane littafi, Alhaji? Tulin takardun nan na Faransanci da ko kai ba ka iya karantawa? Maƙwabciyarmu mai ƙosai ta rasa na naɗi, na ɗan tsakura mata.

Alhaji: Ɗan tsakure? Shafi saba'in!

Hajiya: Ta tsakiya na cira don kada ka gane.

Ɗan Lakwal: Ka gani ko, Baba? Na intanet dai ba a naɗe ƙosai da shi.

Alhaji: Rufe mini baki. Nawa aƙalla na san inda yake, yana nan ƙofar gida kusa da kasko. Naka fa, unguwarsu ma ka sani? Ungo dala arba'in, je ka sayo ƙosai, ka ce ta naɗe kowane ɗaya daban.

(Ya dawo, hannu duk mai.)

Ɗan Lakwal: Na samo 209, da 210, da 213. Ta ce 212 wani ɗan kabu-kabu ya tafi da shi tun da safe, ya yi hanyar Mirriya.

Alhaji: Mirriya ai ba nisa. Hau babur.