Takardar saki ba ta sakin 'ya'ya

Akwai wata baƙar leda da wata ƙanwata take yawo da ita, shekara ta uku ke nan. A ciki akwai takardar sakinta, da kwafin hukuncin kotu, da tarin rasit na makaranta da na kantin magani, waɗansu har tawadar ta goge. Hukuncin ya ce tsohon mijinta zai riƙa ba ta Naira dubu 15 duk wata saboda yara uku. Ya biya wata biyu, a na uku ya aiko da rabi, daga nan shiru kamar an aiki bawa garinsu.

Na raka ta kotun sau ɗaya. Kafin a kai ga ganin alƙali ta biya kuɗin sammaci, ta biya kuɗin motar ɗan aiken da zai kai, ta biya na A Daidaita Sahu zuwa da dawowa, ga awarar da take soyawa a ƙofar gida ranar ba a ɗora kasko ba. Mutumin ya zo a zama na biyu cikin sabuwar shadda, yana ƙamshin turare. Da aka tambaye shi dalilin ƙin biya, bai kawo zancen rashi ba. Cewa ya yi: "Allah ya gafarta Malam, in ba za ta iya ba, ta ba ni 'ya'yana."

Wannan maganar ita ce ta sa na zauna rubutun nan, domin ba daga bakinsa kaɗai na ji ta ba. Ana jin ta a zauren mai unguwa, ana jin ta a ofishin Hisba, ana jin ta a shirye-shiryen rediyo na dare inda ake kiran waya. Ma'anarta a fili take: zan ciyar da ɗana muddin yana kwana a ƙarƙashin rufina, in kuwa yana wurin uwarsa, to ta san yadda za ta yi da shi. Da yawanmu mun ɗauka wannan shi ne addini. Al'ada ce kawai da ta daɗe har ta sami rawani.

Duk wanda ya zauna a gaban malamin zaure ya sauke Risala ta Ibn Abi Zaid ya wuce ta kan wannan babin, ko da ya manta. Mai Risala ya faɗa a sarari cewa ciyar da ƙananan 'ya'ya waɗanda ba su da dukiyar kansu yana kan uba: namiji har ya balaga, in dai ba shi da wata nakasa da za ta hana shi nema, mace kuwa har ta yi aure ta tare. A wajen riƙo kuma ya ce bayan saki uwa ce ta fi cancanta, zuwa wannan iyakar dai. In ta rasu ko ta sake aure, riƙon ya koma ga kaka, sannan inna, wato 'yar uwar mahaifiya. Uba yana can baya a layi. Har ma ya ƙara da cewa wadda aka saka tana da damar karɓar ladan shayarwa daga uban yaron in ta so. Hukunci biyu ne ke nan daban-daban, riƙo da ciyarwa, kuma ba a ɗaure ɗaya da ɗaya ba. Yaro yana wurin uwarsa bisa haƙƙi, kuɗin tuwonsa yana fitowa daga aljihun ubansa bisa wajibi. Mu ne muka haɗe su, muka mayar da ciyarwa kuɗin fansa.

Tushen abin ma ya fi Risala nisa. Aya ta 233 a Suratul Baƙara ta ɗora ci da tufafin masu shayarwa a kan wanda aka haifa wa ɗan. Suratuɗ Ɗalaƙ, wadda akasarinta zancen saki take yi, ta ce mai yalwa ya ciyar daga yalwarsa, wanda aka ƙuntata wa arziki ya ciyar daga abin da Allah ya ba shi. Kuma da Hindu 'yar Utba ta kai ƙarar mijinta Abu Sufyan a kan rowa, Manzon Allah (SAW) bai ce mata ta je ta yi haƙuri ba. Ya ba ta izinin ta ɗauki abin da zai ishe ta da ɗanta gwargwadon yadda aka saba. Hadisin yana cikin Bukhari da Muslim. Ina mamakin yadda wa'azin haƙuri ya cika kunnuwan matanmu, amma wannan hadisin ba kasafai ake jin sa a lasifika ba.

Ta ɓangaren dokar ƙasa ma ba a bar giɓi ba. Dokar Haƙƙin Yara ta 2003, a sashe na 14, ta ce kowane yaro yana da haƙƙin iyayensa su ɗauki nauyinsa gwargwadon ƙarfinsu, kuma yana iya neman wannan haƙƙi a kotu. Jihohin Arewa sun daɗe suna jan ƙafa a kanta saboda taƙaddamar shekarun aure, amma daga baya akasarinsu sun yi nasu samfurin. Kano ta yi Dokar Kare Yara wadda Ganduje ya sa wa hannu a watan Mayun 2023, dab da saukarsa. Dokar ilimin bai ɗaya ta 2004 kuma ta wajabta wa iyaye kai yaro makarantar firamare da ƙaramar sakandare, har da tara ko ɗauri ga wanda ya maimaita ƙin yi. Tarar Naira 2,000 ce a karo na biyu, wanda a yau ko cefanen yini ba zai yi ba, amma dai tana nan a rubuce.

Saboda haka duk lokacin da na ji ana cewa a yi sabuwar doka, sai in ji a raina cewa ba nan gizo ke saƙar ba. Na tuna hayaniyar 2017, lokacin da Sarki Muhammadu Sanusi II ya kawo batun kundin dokar iyali a Kano. Kowa ya kama zancen hana talaka ƙara aure, aka yi ta musu a kai har aka gaji, batun yaran da ake bari a baya ya bi ruwa. Abin da ya dame ni ƙarami ne a kan wannan, kuma ya fi shi sauƙin gyara: me ke faruwa bayan alƙali ya yanke hukunci ya rufe littafinsa?

A yadda na gani, ba abin da ke faruwa. Matar da aka ba gaskiya ita ce za ta koma ɗan sanda, ta koma mai karɓar bashi, ta koma mai bin sawu. Ita za ta gano inda ya koma da zama, ita za ta biya a kai masa sammaci, kuma duk wata da ya ƙi biya sabuwar tafiya ce. Lissafin ba ya buƙatar boko: in kuɗin bin haƙƙin ya kusa kai haƙƙin kansa, mai hankali zai haƙura. Mazan sun san da haka. Shi ya sa ba sa gardama a gaban alƙali, sai su ce "na amince", su fita su kashe waya.

Sai kuma adadin kansa. Dubu 15 ɗin ƙanwata an yanke shi ne kafin a cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023. Tun daga lokacin kwanon masara da na shinkafa sun yi tashin gwauron zabi, gwamnati da kanta ta amsa cewa kuɗi sun lalace, ta ɗaga mafi ƙarancin albashi daga Naira 30,000 zuwa 70,000 a 2024. Amma takardar da ke cikin ledar nan tana nan yadda take. Me zai hana alƙalai su riƙa yanke ciyarwa da abin da ake ci, su ce kwano kaza na hatsi da mai da sabulu, ko kuɗinsu a farashin kasuwar ranar, sannan kuɗin makaranta da na asibiti a biya su kai tsaye? Malamanmu na da ai da mudu suke auna nafaƙa, wato ciyarwa, kuma mudu ba ya faɗuwa kamar Naira.

Ga ma'aikacin gwamnati ko na kamfani, abin ya fi sauƙi. Banki yana cire bashinsa daga albashi kafin mai shi ya ga alat, ƙungiyar ma'aikata tana cire nata, har bashin babur ana cirewa. Ban ga dalilin da zai sa tuwon ɗan da mutum ya haifa ya zo bayan bashin babur ba. Umarni ɗaya daga kotu zuwa ofishin biyan albashi ya wadatar. Ga 'yan kasuwa da direbobi kuwa, kowannensu yana da ƙungiya da shugaba da yake jin kunya, kuma mun sha ganin an hana mutum lodi a tasha saboda bashin da bai kai wannan nauyi ba.

Kada wani ya ce wannan tunanin Turawa ne. Tunisiya ta kafa asusu tun 1993 wanda yake biyan matar da tsohon mijinta ya ƙi bin hukuncin ciyarwa, sannan hukuma ta bi shi ta karɓo. Masar ta yi irinsa a 2004 ta hannun Bankin Nasser, ana tara kuɗin daga ɗan abin da ake biya wajen rajistar aure da saki da haihuwa. Malesiya kuma ta buɗe sashe na musamman a ƙarƙashin kotunan Shari'a a 2008, aikinsa kawai bin irin waɗannan hukunce-hukunce. Duk ƙasashen Musulmi ne, kuma dukkansu sun gane abu ɗaya, cewa bai kamata a bar mace ita kaɗai ta yi ta bin namijin da ya riga ya raina ta ba. Jihar da ta iya aurar da mata 1,800 a rana ɗaya da gado da katifa da sadaki, kamar yadda Kano ta yi a 2023, ba za ta ce ba ta da ƙarfin buɗe tebur ɗaya a kowace kotu don wannan aiki ba.

Na san abin da maza za su ce, kuma wani abin gaskiya ne. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Akwai matan da ke hana uba ganin 'ya'yansa, su cusa musu ƙinsa, sannan su zo ƙarshen wata da hannu a buɗe. Akwai wadda za ta karɓi kuɗin makaranta ta zuba a adashe. Wannan zalunci ne, kuma kotun da za ta tilasta biya ita ce ya kamata ta tilasta ziyara, ta kuma nemi ganin rasit. Amma laifin uwa ba ya cika cikin yaro. In kana ganin ana wasa da kuɗinka, kai buhun da kanka, ka je makarantar ka biya da hannunka. Akwai kuma wanda da gaske ba shi da shi, ɗan dako ko leburan da yau ya samu gobe bai samu ba. Shi ayar ta riga ta yi masa sassauci, ba wanda zai ɗaure mutum a kan abin da ba ya da shi. Sai dai mai rashi na gaskiya ana gane shi. Yakan zo da ɗari biyar ɗinsa a naɗe, ko da sabulu biyu, yana sunkuyar da kai. Wanda nake magana a kansa shi ne mai cewa babu, alhali ana yi masa jeren sabuwar amarya, kuma in ka matsa ya ce maka bakin da Allah ya tsaga ba ya hana shi abinci.

Mu koma kan "ta ba ni 'ya'yana", don a nan ne abin ya fi ciwo. In ta gaji ta bayar, ina ake kai su? Ba shi zai yi musu wanka ba. Ko dai a jibge su wurin tsohuwarsa da ita ma kulawa take nema, ko a miƙa wa amarya da ba ta roƙa ba, ko kuma, in maza ne, a haɗa su da allo da roba a sa su a motar wani gari. Yaran da muke gani a bakin danja ba duka marayu ba ne. In ta riƙe su kuma ta sake aure, sun zama agololi, suna cin tuwon wani suna kallon fuskarsa. Yarinyar kuwa farantin talla ke jiranta, mu kuma mu zauna a majalisa muna tsine wa lalacewar tarbiyya.

Dangi ma ba su fita ba, har da ni. Lokacin da ƙanwata ta fara zancen kotu, a gidanmu aka fara hana ta. Aka ce abin kunya ne, aka ce za ta ja wa yaran baƙin jinin dangin ubansu, aka ce ai ɗa na kowa ne. Amma ranar da aka koro babban daga makaranta saboda kuɗin zango, duk masu cewa ɗa na kowa ne ba wanda ya ɗaga waya.

Makon jiya ta kira ni. Ta ce, "Yaya, an ce ya koma wata unguwa, wai sai na kawo sabon adireshi kafin a rubuta sammaci." Na tambaye ta ko za ta sake komawa. Ta ce sai ta ga abin da ta samu a awara zuwa Alhamis, domin ƙaramin ma yana bin ta kuɗin Laraba na mako biyu, malam ya fara yi masa magana.